Lauyoyin Teburin Mai Shayi, Ga Kujera a Mambayya

Na ji ku, 'yan majalisa. Da an ce za a yi lacca kan doka a Gidan Mambayya da ke Gwammaja, ko a Kongo can Zariya, sai ku taɓe baki: "Farfesoshi ne za su taru su yi wa juna turanci, a raba ruwan roba a watse." To, Allah ya huci zuciyarku, amma ku ɗin nan ne fa a watan Mayun 2024, da aka soke dokar masarautun Kano, kuka wayi gari kowa lauya. Mai shayi yana kaɗa madara yana bayanin kotun da ke da hurumi, ta tarayya ko ta jiha. Mai faci ya ce a ɗaukaka ƙara. Kotun Ƙoli ma kun yanke mata hukunci tun ba ta zauna ba. Ashe dai kuna son shari'a, kujerar zauren ce ke cizonku.

Ba wai zan wanke malaman nan tas ba. Gabatar da manyan baƙi kaɗai kan cinye hantsi: shugaban taro, uban taro, uwar taro, da babban baƙo na musamman wanda bai zo ba, ya aiko wakili, wakilin ma ya makara. Mai lacca ya kifa kai a takarda yana jero Latin. Kafin a zo tambayoyi an kira azahar, wanda aka miƙa wa makirufo kuma ya ce tasa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne, ya buɗe tasa laccar.

Amma Alhaji, kai da ka ce ba abin da za a ƙaru da shi, ranar da aka zo neman ɗanka ba a same shi ba aka tafi da ƙaninsa, wa ka dinga buga wa waya da tsakar dare? Da ka taɓa jure zaman nan, da ka ji cewa sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta nanata. Da ka ji sashe na 35 na kundin tsarin mulki: wanda aka tsare, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa in laifi ne da hukuncinsa kisa ne. Hajiya kuwa, da aka kora aka ce ta je ta nemo namiji, da ta san dokar 2015 ɗin ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce.

Filin nan kuma da kake bugun ƙirji da shi, naka ne har ƙasa ta naɗe? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna. Takardar da ke ƙasan akwatinka izinin zama ce, galibi na shekara 99, sayarwa ma sai da amincewarsa.

Ku samarin waya, kar ku yi dariya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kwanar da masu rubutu a Facebook a bayan kanta, an kuma yi masa gyara a 2024. Wa ya san abin da aka cire da abin da aka bari? Shiru kake ji.

Ni abin da nake so in gani shi ne ku cika zauren, ku ƙwace makirufo daga hannun mai tsokaci. Ku yi tambayar da Hausa, ku ce da Hausa kuke son amsa. Ku ce, Farfesa, Allah ya ƙara ilimi, an rubuta a bangon caji ofis cewa beli kyauta ne, to me ya sa sai mun sa hannu a aljihu kafin a buɗe ƙofa, kuma wa za mu kai wa kuka? Idan ya fara gyara hula yana neman ruwa, kar wanda ya tashi sai ya amsa.