Madubin da Ke Kallon Sama

Duk mai Corolla 'yar Kwatano ba ya rasa abokin da zai ce masa rediyonta ta tsufa. Nawa abokin har gareji ya raka ni, wurin wani yaro da ya ce hannunsa ba ya kuskure. Kafin la'asar an kafa mini allon Android a dashbod, da kyamarar ribas, da amfilifaya a but, da wasu fitilu shuɗaye a ƙarƙashin kujeru waɗanda ban ce a saka ba. Wai gyara ne.

Washegari mai wankin mota ya goge madubin gefe da ƙarfinsa na Allah. Na dama ya koma kallon gajimare, na hagu yana nuna mini kunnena. Na murɗa maɓalli zuwa R, na danna sama, na danna ƙasa, shiru. Na koma L, ko ɗan gurnanin nan babu. Haka na hau titin Zariya ina leƙe ta taga kamar kwandastan da ke neman fasinja, 'yan adaidaita sahu suna fitowa ta inda ban zata ba, suna tambayata ko a ƙauye na koyi tuƙi.

Likitoci kuwa suka yi yawa. Maƙwabcina ya ce ruwa ne ya shiga. Wani mai kayan gyara ya rantse injin madubin ne ya ƙone, kuma cikin ikon Allah yana da guda biyu 'yan Beljiyam. Uwargida ta ce tun farko ba ta yarda da shuɗayen fitilun nan ba.

Wani dattijon mai waya ne ya raba gardama, ko tashi daga benci bai yi ba.

"Alhaji, duka biyun suka tsaya rana ɗaya?"

"Rana ɗaya, Baba."

"Kowane madubi injina biyu gare shi, na sama da ƙasa, da na hagu da dama. Injina huɗu ba sa haɗa baki su mutu. Da ɗaya ne, sai in duba wayoyin da ke cikin robar ƙofa, don buɗewa da rufewa na karya su. Wannan wuta ce ba ta zuwa."

Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari da ƙwan gwajinsa, ya yi ta dangwala fis ɗaya bayan ɗaya. A kan na ACC, ɗan ruwan ƙasa mai lamba 7.5, ƙwan ya kama ta ƙafa ɗaya, ya ƙi ta ɗayar. Ya zaro shi, zaren cikinsa ya tsinke. Ashe yaron nan ya ɗora fitilu da sauran tarkace a kan layin, fis ya ƙone, shi kuma bai tsaya bin ba'asi ba: ya janyo wa allon wuta daga wurin kunna sigari, ya naɗe da salatif. Kiɗa ya tashi, an biya shi, madubi kuwa oho.

Dattijon ya ba kayan nasu layin da nasu fis, ya hana ni sayen shuɗi mai 15, ya ce babban fis waya yake bari ta ƙone a madadinsa.

Na koma wurin yaron da gawar fis a tafin hannu. Ya dube ta, ya dube ni cikin tausayi.

"Yallaɓai, mai kyamara me zai yi da madubi? Akwai ma ta gefe, jiya aka kawo. In saka?"