Kwanon da Ya Girmi Kakana

Shadda na je sarowa a Guangzhou, ba kayan tarihi ba. Ranar da na gama lodi ne ƙafa ta ja ni Liwan, inda masu tsofaffin kaya suke baje koli. Na taɓa karanta cewa daga 1757 zuwa 1842 nan ce kaɗai tashar da Sin ta yarje wa jiragen Turawa su yi ciniki. Na ce lallai akwai gilashin Ingila na wancan zamani kwance yana jiran mai ido. Mai idon kuwa ni ne.

Karatun nawa bai taka kara ya karya ba. Na san tun 1674 wani George Ravenscroft ya yi suna da gilashi mai darma, shi ya sa na ainihi yake da nauyi, in ka ɗalle shi ya yi amo kamar ƙararrawa. Na san wanda aka yanka da dutse yana da kaifi a yatsa, na zubi kuwa sumul yake. Gindin tsoho kuma ba ya rasa ƙarzuwa.

Na ɗaga wani kwano, nauyi kamar turmi. Na juya gindi, ga ƙarzuwa. Na ɗalle shi, na ji "tiiin"! Sai daga baya na tuna tsohon mai shagon yana juya cokali a kofi a daidai lokacin. Kaifin kuwa ban duba ba, kada ya gane gwani ya zo. Muka yi ta dambe da kalkuleta, ya rubuta 2,000, na rubuta 800, ya sallama da saurin da ya kamata ya tsorata ni.

A masaukinmu na Xiaobei na nuna wa wani Alhaji Bamarade mai safarar kayan ɗakin amare. Ya bi gefen kwanon da farce.

"Alhaji, ga layin haɗin zubi nan. Ƙarzuwar ma duk gefe guda ta nufa, aikin samfefa ne. Wannan ko yaye ba a yi masa ba."

Na ce hassada ce. Na naɗe kwanon da rawani, na rungumo shi har Kano.

Hajiya ta warware, ta yi shiru, ta buɗe kabad ta fito da guda biyar irinsa sak.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Dama tun bara yara suka fasa mini na shidan."