Matani, Sharhi da Hashiya

A shekarar 1959, sa'ad da gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu suna zargin makarantun koyon kasuwanci na Amurka da ƙarancin ilimi mai zurfi, malaman makarantun nan suka ji kunya matuƙa, suka ɗaura ɗamarar tahƙiƙi, suka rungumi lissafi da hujjoji da ƙa'idojin bincike, har suka zama shaihunnan da babu mai iya ja da su, kuma babu mai iya fahimtar su face 'yan'uwansu shaihunnai. Wannan ya rubuta matani, wancan ya yi masa sharhi, na uku ya ɗora hashiya a kan sharhin, alhali kuwa manajan da aka sha duk wahalar dominsa yana can ofis yana fama da albashin ma'aikata da rigimar masu bin bashi, bai ma san ana yi ba.

Hatta shugaban babbar ƙungiyar malaman fannin, Donald Hambrick, a jawabinsa na 1993, sai da ya tambayi jama'arsa abin da zai faru da a ce aikinsu yana da tasiri bayan an tashi daga zauren taro. Tambayar, Allah shaida, ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin tun daga lokacin ake ta wallafa maƙaloli masu nauyi a kan dalilin da ya hana manajoji karanta maƙaloli, a cikin mujallun nan dai waɗanda manajoji ba sa buɗewa, kuma jami'o'i suna lissafa su a wajen ƙarin girma.