An Bar Burodi Ana Dukan Fura

Ranar Talatar nan ɗan yayata ya sauka Tambuwal daga Sakkwato, an ba su hutu, da jaka a kafaɗa da sabuwar cuta a baka. Kakarsa ta dama masa fura mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a tsakiyar ƙwarya kamar an dasa shi. Yaron nan ya tsoma yatsa, ya ɗago, ya manna shi da babban yatsa, ya raba su a hankali yana dubawa a hasken ƙofa.

"Inna, ba ni shan wagga hura. Akwai gulutin ciki."

"Guluti? Wa yas sa mata shi? Ni da hannuna nik kirɓa ta!"

Tsohuwa ta ɗauka wani sabon sammu ne ya shigo gari, har ta fara lissafin maƙwabtan da suka leƙo gidan tun hantsi.

Ni ban girgiza ba. A gidan nan mun yi zamanin olsa, lokacin da yaji ya zama abokin gaba. Mun yi zamanin basir, mun sha jiƙon da ko jaki aka ba zai nemi gafara. Taifod kuwa kowa ya yi nasa sau bakwai. A duk waɗannan cututtuka ba wanda ya san launin ƙofar ɗakin gwaji. Abin da ya tsaya mini a wuya yatsan nan ne.

Wai wani Bature yaron ya ji a waya yana cewa asalin kalmar gulutin danƙo take nufi da Latin. Wannan gaskiya ne, kuma iyakar gaskiyar da ya kwaso ke nan. Daga nan ya kafa doka: duk abin da ya kama yatsa ko ya ja zare, haramun ne ga cikinsa. Miyar kuɓewa ta faɗi jarrabawa tun daga bakin ƙofa. Kuka ta bi ta, lalo da karkashi ba a ma saurari uzurinsu ba. Kunun tsamiya ya ci jarrabawa da safe yana da zafi, da ya huce aka sake gwada shi, ya faɗi. Tarwaɗa ta faɗi tun tana da rai. Da aka zo kan zuma sai ya yi shiru, don ya san ta da asali a Littafi, ya ce zai bincika. Ƙanwarsa mai shekara huɗu tana fama da mura, ya dubi hancinta sau ɗaya ya janye tabarmarsa. Na ce masa ya zo ya gwada mini bashin mai shago da ya manne mini tun damina, ko shi ma gulutin ne a rabu da shi.

Bayan isha'i na bi ta tasha, sai ga malamin gwaji a teburin mai shayi. Indomie biyu da ƙwai, ga rabin burodi yana tsomawa a kofi.

"Kai, wannan fa?"

"Kawu, busasshe na. Na gwada shi, bai kama yatsa ba."

Gero ba shi da gulutin. Dawa ba ta da shi, haka masara, haka shinkafar fadama, haka wake. Abin yana cikin alkama da sha'ir da wata 'yar'uwarsu ta ƙasashen sanyi. Wato burodi, taliya, fanke, cincin, gurasa, funkaso, alkaki, tuwon semo, da ɗan waken da aka cika wa fulawa. Abincin da Bature mai cutar gulutin ke saye da tsada a kanti na musamman, shi kakarsa ta kirɓa masa kyauta, ya ture, ya tafi ya biya kuɗi ya sayi abin da yake gudu.

Wa'azin nasa bai tsaya Tambuwal ba, ya bi WhatsApp na dangi har Kebbe. Kebbe na ce, ba Kebbi ba. Sai na faɗa sau biyu, domin tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 mutanen Kebbe ba su huta ba. Ka ce wa ɗan Kano daga Kebbe kake, ya ce ashe kai ɗan Argungu ne, ina kifi? Ka rubuta sunan garin daidai, kwamfuta ta ja masa jan layi, mai buga takarda ya gyara maka don tausayi. Na taɓa aika buhun gero Kebbe, ya kwana uku Birnin Kebbi yana jiran mai shi. Ƙaramar hukuma ce guda a jihar Sakkwato, maƙwabciyarmu, da sarautarta da kasuwarta, amma wasali ɗaya ya sa kullum ana kai ta wata jiha ba da izininta ba. Wannan maganar ranarta daban.

A Kebben nan akwai matar ƙanena. Ita da gaske take ciwo: zawo ya ƙi tsayawa, ciki kullum a kumbure, ga rama, ga ƙarancin jini. Ta fi yaron nan kai, don haka ta gane alkama ake nufi, ta bar ta gaba ɗaya wata uku. Ta ji dama-dama. Sai ta haɗa kuɗin mota ta je wurin likita a tabbatar mata. Likita ya ce ta riga malam masallaci. Cutar siliyak, jiki ne ke tayar da sojojinsa su far wa bangon ƙaramin hanji duk sanda gulutin ya shigo, kuma gwajin jini sojojin nan yake nema. Ka daina cin alkama, su koma bariki, hanji ya fara warkewa, jini ya fito fes kamar ba a yi komai ba. Ko an zura bututu mai kyamara ta baki an gutsuro naman hanji, zai iya nuna lafiya lau. In tana son sani, sai ta koma cin alkama kullum har mako shida, ta sake shan wahalar da ta tsere wa, ta sake biyan mota. Wannan shi ne aikin yatsa da waya.

Kuma sanin ba ado ba ne. Cutar gaskiya ce, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma ba ta Turawa kaɗai ba: binciken da aka buga a 1999 kan yaran Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya samu fiye da 5 cikin 100. Wanda aka tabbatar masa, hani ne na har abada, har ɓurɓushi. Ka auna wannan a gidan da muciya ɗaya ce, tukunya ɗaya ce, mai ƙosai kuma a man da ta soya fanke take jefa nata. Wa zai ɗora wa kansa wannan a kan zato? In kuma ba ita ba ce, tsutsar ciki ce ko wani abin da ya fi muni, an zauna ana gadin burodi shi yana cin mutum.

Na samu ɗan yayata na ce masa a duk dangin nan shi kaɗai ya cancanci gwaji, tunda bai tsallake alkama ko na yini ɗaya ba. Na ce mu kama hanyar Sakkwato gobe da asuba, asibitin koyarwa, mu ga likita tun kafin ya gane abin da yake yi ya ɓata jininsa. Ya ce shi allura ce ba ya so, kuma yatsa kyauta ne.

Furarsa dai yau kwana huɗu ni ke shanye ta. Jiya Inna ta kira ni gefe, ta rage murya.

"Wanga guluti, in akwai shi kasuwa a sawo min na ɗari biyu. In barbaɗa ma kilishin da nika ɓoyo."