Rabe-raben Ɗalibai a Azuzuwan Ƙasar Haɗeja

Rabon ɗalibai da ya fi shahara a littattafan koyarwa shi ne wanda Neil Fleming ya fitar a 1987, inda ya kasa su zuwa masu koyo da ido, da kunne, da karatu da rubutu, da kuma aikin hannu, kodayake bitar da Harold Pashler da abokansa suka yi a 2008 ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa koyar da kowane yaro ta gaɓa ɗaya yana ƙara masa fahimta ba. Malaman Haɗeja da Auyo da Kirikasamma suna da nasu rabon, wanda ƙurar alli da dishewar murya suka tabbatar.

Na farko shi ne Mahaddaci, wanda yawanci ya fara da allo tun yana kolo, wato ƙaramin almajiri, ya kuma shigo boko da ƙwaƙwalwar da ba ta zubar da ko wasali. Yakan kawo ma'anar zaizayar ƙasa da Turanci tiryan-tiryan, amma idan aka katse shi a tsakiya sai ya koma farko, idan kuma aka ce ya nuna ta a gaɓar kogin da yake wanka kullum, sai ya dubi malam da tausayi. Maganinsa shi ne a yaba haddar, sannan a nemi ya faɗi abin da Hausa.

Na biyu shi ne Ɗan Fadama, wanda sulusi da rubu'i a kan allo suke sa shi hamma, alhali a kasuwar kifi ta Haɗeja yakan lissafa kuɗin bandar tarwaɗa, ya cire ladan dillali da kuɗin mota, kafin mai kalkuleta ya gama danne-danne. Ba lissafi ne ya gagare shi ba, lissafin da babu riba a ƙarshensa ne bai ga dalilinsa ba. Da zarar an mayar da tambayar buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, da za a raba wa magada uku, sai ya riga kowa ɗaga hannu, har ya yi gargaɗin cewa ɗaya daga cikin magadan zai yi gardama.

Na uku shi ne Magatakarda, mai kyakkyawan rubutu da biro kala biyu, wanda yake kwafe duk abin da ke kan allo, har da sunayen masu surutu, ba ya kuma sake buɗe littafin sai ranar da Ɗan Damina ya zo aro.

Shi Ɗan Damina ambaliya takan raba shi da makaranta, kamar yadda ta yi wa ƙauyuka da dama a 2022, idan ruwa ya janye kuma korar jan-baki daga gonar shinkafa ta riƙe shi, saboda haka zuwansa aji yana da lokaci, tamkar tsuntsayen Turai da ke sauka a Baturiya da hunturu. Buƙatarsa taƙaitacciyar bita ce da abokin da zai cike masa giɓi, domin bulala ba ta taɓa maido da darasin da ruwa ya ci ba.

Mafi haɗari duka shi ne Mai Gyaɗa Kai, wanda kansa yake amsa darasi tun kafin a fara shi, wanda kuma muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi a wajen cewa “Mun gane, Malam”, har sai sakamakon NECO ya fito ya tona asirin kowa.

Da yake dukkan biyar ɗin a benci guda suke zaune, wani lokaci ma a jikin yaro guda, dabarar da ta fi kamawa ita ce malami ya kawo darasi ɗaya ta fuskoki da yawa, ya ɗaure shi da abin da yaran suka baro a gida, sannan maimakon tambayar “An gane?”, wadda ba a taɓa amsa ta da a'a ba, ya miƙa wa Mai Gyaɗa Kai alli ya ce ya fito ya koya wa sauran.