Injiniyan Gida da Rumbun da Ya Ƙi Fita

A danginmu, duk wanda ya san inda ake kunna kwamfuta injiniya ne, ni kuwa har tabarau nake sawa. Shi ya sa da Yaya ta kawo rumbun ajiyarta mai terabayit 1, maƙil da hotuna da waƙoƙin bikin 'yarta, ni aka danƙa wa aikin kwafewa.

Kwafewa ta ƙare lafiya. Abin sauraro na maƙale a kunnena, ina ta kaɗa kai, na danna alamar cire na'ura da ke kusa da agogo. Windows ta ce sam, wai ana amfani da rumbun, in rufe manhajar da ke riƙe da shi. Wace manhaja? Ta yi gum.

"Fizge shi mana, ina sauri," in ji Yaya.

Na gyara tabarau na buɗe lacca: kwamfuta kan ajiye bayanai a ƙwaƙwalwarta kafin ta zuba su a rumbu, in aka fizge kebul tana tsakiyar rubutu, fayil ya tashi aiki. Abin da na haɗiye shi ne, tun sigar 1809 ta Windows 10 Microsoft ta rage wannan haɗarin ga rumbunan waje. Faɗin haka zubar da girma ne.

Na rufe duk tagogi. Ta ƙi. Na zargi manhajar riga-kafi. Na danna Ctrl, Shift da Esc, na sake tayar da Windows Explorer. Layin ƙasan allo ya ɓace ɓat na ɗan lokaci, yara suka ruga tsakar gida suna shela: "Kawu ya ƙona hotuna!"

Zufa na ɗiga a kan madannai, na buɗe Resource Monitor, na rubuta harafin rumbun, E:, a wurin bincike. Mai laifi ya bayyana: manhajar VLC.

Autan Yaya, ɗan aji biyar, ya leƙo ta kafaɗata. "Kawu, waƙar da kake ji, daga ina take fitowa?"

Na zare abin sauraro a hankali, na rufe VLC, rumbu ya fita salin-alin. Na ba yaron kuɗin alewa, muka fahimci juna.

Yaya kuwa na shaida mata wani mugun bairos ne, da ƙyar na ci ƙarfinsa. Ta kai labarin gidan suna, yanzu har daga wata unguwa ake aiko mini da filash a yi masa riga-kafi.