Rabin Kwabo

Ranar Talata ɗan ƙanwata ya tare ni a zaure da kwamfutar cinya. Sati biyu ke nan da ya fara koyon Python, har ya daina amsa sunan yanka, sai an ce Injiniya. Wai ya haɗa manhajar da za ta gyara kasuwancin Arewa.

Manhajar layi shida ce. Ka saka farashi, ka saka ragi, ta cire, ta ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a 2020, ta faɗi abin biya. Na ce to, ga yadin da na taya a Kantin Kwari, naira 12,500.

"Kawu, ragin kashi nawa?"

Na ce yaro, wa ya taɓa jin ragi da kashi a Kwari? Da takalmin mai saye ake auna shi. Ka shiga kana kaɗa makullin mota, ragi ya mutu. Ka shiga da silifas, ka tambayi jikin Hajiya, ka juya kamar za ka tafi har sau biyu, sai ka ji "dawo Alhaji". A wane layi ka rubuta "albarka"? Ina gurbin "wallahi ko uwar kuɗi bai kai ba"?

Ya nace, na ce saka 15. Ya danna, allo ya kawo 11421.875.

Naira 11,421 da kwabo 87 da rabi. Da rabi! An buga ƙarfen rabin kwabo a 1973, lokacin da naira ta gaji fam, uwar yaron ma ba ta taɓa riƙe shi ba. Yanzu sai in kwance lalitar kakata in nemo? In na rasa, mai rumfa ya rubuta ni a littafin bashi? In na cika, a tsaya gaban gawata a yi cigiya, wani ya ɗaga hannu ya ce yana bin marigayi rabin kwabo? Magada su zauna da malami a fitar da shi kafin a ba matata tumuninta?

Ni da ake cinye wa naira hamsin kullum. Babban kanti ne, da sanyin na'ura da rasit mai tsawon rawani, an lissafa haraji har kwabo, amma da ka miƙa kuɗi sai yarinya ta ce "babu canji", ta turo maka alewa biyu. Ina da ciwon suga. Aljihun motata ya cika da alewar da ban saya ba. Ran nan na tara guda goma na kai musu in karɓi burodi, suka kira mai gadi. Wato alewa kuɗi ce in daga hannunsu ta fito. Ka ce za ka biya da kati, a ce sabis ya ɗauke. Ka je wajen mai POS, shi ma ya yanki nasa.

Injiniya ya ce in kwantar da hankali, akwai abin da ake kira round. Ya ƙara layi na bakwai, ya danna: 11421.88.

Na duba da kyau. Rabin kwabon ya koma wajen mai kaya. Na ce masa ya rufe kwamfutar, karatu ya yi albarka, gobe sai a nema masa rumfa.